SANIYAR ƘARFE
Shafi na 19

Ga na yau. Masu aiko min da "ina ci gaba" tun ban karya kumallo ba, ku karanta a natse, kada gobe wani ya zo yana tambayata abin da ke rubuce a gabansa.

Ranar Talata ce, kuma Ña Delfina ta tayar da saniyar ƙarfe kamar yadda take tayar da ita shekara goma sha takwas. Sunan da 'yan ƙauyen suka sa wa injin rumfar bayan coci ke nan. A zuba masa jiƙaƙƙen waken suya ta sama, ya yi ta gurnani, ya zubo da madara mai zafi ta ƙasa.

Lita arba'in ta tatsa. Ta sa sukari, ta juya, ta jera bencina uku.

Babu wanda ya zo.

Da, war haka yara sittin ne a layi, kowa da kofinsa, suna ture juna tana daka musu tsawa. Wata biyu ke nan tun da saƙon muryar nan ya zaga wayoyin mata, wai madarar waken suya tana fito wa yarinya da nono tun tana shekara shida, yaro kuma ta siranta masa murya. Ba a san mai muryar ba har yau. Amma iyaye suka janye 'ya'yansu gida-gida, ba wadda ta zo ta faɗa mata a fuska.

Ta zauna a bakin rumfa, ta cika ƙahon tereré, shayin ganyen da ake sha ana miƙa wa juna, da ruwan sanyi ta zuƙe. Ta sake cikawa, ta miƙa hannu gefe, sannan ta tuna babu mai karɓa. Ta dawo da shi bakinta.

Jikarta Yerutí tana kwance cikin ragar lilo da aka ɗaura tsakanin ginshiƙai biyu. Watanta takwas. Uwarta Liduvina ta bar ta tun tana wata huɗu, ta tafi aikatau Buenos Aires. Tun daga ranar, a gidan Delfina numfashi biyu ne kawai, nata da na yarinyar.

"Uwar ɗakina, yau ma mu biyu ne," ta ce mata. "Ke kaɗai ce ba ki da waya, shi ya sa kike da hankali."

Yarinyar ta bi ta da ido. Ba ta yi dariya ba. Kwana huɗu ke nan ba ta dariya, ba ta kuma kuka sosai.

Sai ga Ña Benicia maƙwabciyarta da bokiti biyu, tana waige-waige.

"Delfina, an tashi lafiya? Saniyarki ta kawo?"

"Ta kawo. Ina jikokinki?"

"Suna gida."

"To bokiti biyu na wa ne?"

Benicia ta sosa ƙeya. "Na aladu ne."

"Aladu."

"To a zubar a ƙasa ya fi? Ai sun yi kyau abinsu. Maigidana ma ya ce a gaishe ki."

"Ki riƙa leƙa ƙirjin namijin aladen kullum. Ranar da ya fito da nono ki zo ki ce ni ce."

Benicia ta yi dariya, ta katse ta da wuri.

"Ni fa ban ce komai ba. Surukata ce. Ta ce ko ƙarya ne ko gaskiya, ba da 'yarta za a yi gwaji ba. Kuma kina gani da idonki yadda jirgi ke wucewa yana yi wa waken nan feshi."

"Wakena na gonar Don Isidro ne. Da fartanya yake nome shi."

"Na sani."

"Kin sani, kika yi shiru ranar taron mata."

"Delfina, jikokin nan ba ni na haife su ba. Idan na buɗe baki, sai a ce tsohuwa ta fara."

Delfina ta cika mata bokitan. Ta miƙa mata ƙahon tereré. Benicia ta dubi hanya, ta ce ta bar wake a wuta, ta ɗauki kayanta ta bi ta bayan coci inda ba za a gan ta ba.

Ba ta jima da tafiya ba bas ɗin garin Santaní ya tsaya a bakin titi. Mace ɗaya ta sauko, da ƙaramar jaka a kafaɗa. Griselda, nas ɗin ƙaramin asibitin ƙauyen, ta tsallako titi ta tare ta kamar dama jiranta take. Suka nufo rumfar tare.

Delfina ta gane tafiyar kafin ta gane fuskar.

"Liduvina?"

Ta miƙe har ƙahon ya faɗi.

"Ke da kika ce sai Kirsimeti? Lafiya? Korar ki aka yi?"

Liduvina ba ta haɗa hannu ta nemi albarka kamar yadda ta saba tun tana yarinya ba. Ta wuce uwarta kai tsaye, ta ɗauko 'yarta daga raga, ta sa fuska a wuyanta ta daɗe. Yarinyar ba ta san ta ba. Ta juya kai tana neman kakarta.

A cikin ragar akwai fida, saura rabi. Liduvina ta ɗauka, ta buɗe, ta shinshina.

"Inna, mene ne wannan?"

"Madara."

"Wace madara?"

"Ke da kika kwana a mota, ki zauna tukuna ki sha ruwa."

"Wace madara ce, Inna?"

"Wadda kika sha kika girma."

Liduvina ta rufe ido. Da ta buɗe, muryarta ta yi ƙasa, kuma Delfina ta fi tsoron wannan muryar a kan ihu.

"Ina ta gwangwani? Duk wata nake sa mai kanti ya kawo miki har gida. Ina take?"

"Tana nan. Ƙarƙashin gado. Ban sayar ba, ban ba kowa ba, ki je ki duba."

"Ban ce kin sayar ba. Me ya sa ba ta cikin yarinyar?"

Delfina ta gyara ɗaurin rigar aikinta.

"Cikinta ne bai karɓa ba. Ta yi ta amai, ta yi ta zawo. Na kai ta wurin Ña Kalí mai magani, ta kwantar da ita ta haɗa ƙafafunta, ta hagu ta fi gajarta da yatsa ɗaya. Ta ce tulun nonon cikinta ne ya juye. Ke ma ya taɓa juye miki. Ta murza ta da mai kwana uku, ta ɗaure mata ciki da ƙyalle. Ta ce a sauya mata abin sha mai sauƙi. Shi ne na sauya."

Griselda ta buɗe baki, Liduvina ta ɗaga mata hannu.

"Yaushe kika kai ta wurin Ña Kalí?"

"An kwana biyu."

"Yaushe?"

"Ni ina rubuta rana ne?"

"Ña Kalí ta ce sati uku da suka wuce. Na kira ta a hanya."

Liduvina ta miƙa wa Griselda yarinyar, ta ciro waya, ta danna, ta juya wa uwarta fuskar wayar.

Delfina ta ga kanta. A ƙofar coci, ranar Lahadi, mutane na fitowa. Tana tsaye a kan matakala da Yerutí a hannu, ta ɗaga fida sama, muryarta na fita ƙarara: Ku duba da kyau. Wannan jikata ce, jinina. Daga yau madarar saniyar nan za ta sha safe da yamma. Idan guba ce, gidana za ta fara shiga.

"Wannan sati bakwai ke nan, Inna. Ga ranar a jiki."

Delfina ta kau da kai.

"Wata ƙawata ce ta turo min shekaranjiya, ta ce ashe uwarki ta zama 'yar wasan kwaikwayo. Ina goge wa tsohuwar mutane baya na gan shi. Shi ne na kira Griselda, ta ce wata biyu ba ki kawo ta awo ba."

"Awo," in ji Delfina. "Ni da na raini biyar."

"Gwangwanin bai taɓa sa ta amai ba. Ko ya taɓa?"

Delfina ta juya tana kallon injin.

"Inna, dube ni. Ya taɓa?"

"Bai taɓa ba."

"Aman daga baya ya zo."

"Daga baya."

Injin da ke bayansu ya huce, yana ɗan ƙas-ƙas. Delfina ta dafa shi da tafin hannu, kamar ana shirin dukansa.

"Ba ki nan," ta ce. "Ba ki ga yadda aka yi min ba. Ubanki ne ya sauke injin nan daga mota da kafaɗarsa, shi da Fada limamin coci, shekarar da auduga ta ƙi. Yara na suma a aji don yunwa. Kafin ya rasu ya ce min, Delfina, kada ki bari ta yi tsatsa. Shekara goma sha takwas ina tashi in wanke wake. Yaran da na shayar yau su ne masu gemu, su ne masu goyo. Sai wata murya da ba ta da fuska ta yi magana minti biyu, kowa ya juya min baya. A hanya mace ta gan ni ta ja hannun 'yarta. Aka ce za a rufe rumfar a sayar da ƙarfen a kilo. Me zan nuna musu? Ba ni da takarda. Ba ni da bakin likita. Abin da nake da shi a duniya na nuna musu."

"'Yata kika nuna musu."

"Ke ma kin sha."

"Ina shekara shida, Inna. Ina cin rogo, ina cin ƙwai, ina satar chipa, burodin rogo, a kwandonki. Kofi ɗaya nake sha in ruga makaranta. Wannan ba ta da komai sai fidar nan."

"Ai ba haka nake ba ta tsura ba. Ni mahaukaciya ce? Sirka mata nake da dafaffen ruwa, rabi da rabi, don kada ta yi mata ƙarfi."

Griselda ta ja numfashi ta hanci. Delfina ta ji, ta juya kanta.

"Ke kuma 'yar Ña Porfiria, kada ki yi min numfashin asibiti. Da majina a hanci kike zuwa nan da kofin roba shuɗi. Nono ya fito miki kina shekara shida?"

"Bai fito ba, Ña Delfina."

"To faɗa musu mana."

"Na faɗa. A taron mata na ce maganar saƙon nan ba ta da tushe, yaron da ya girma yana cin abinci, kofin madarar nan ba ya cutar da shi. Ba su ji ni ba. Na kuma ce ban da jarirai. Ke ma ba ki ji ni ba, kin riga kin fita kin bugo ƙofa."

Delfina ta tuna ƙofar. Ta tuna har da ƙarar da ta yi.

Amma tsufa ba ya sauka daga kan magana da sauri. Ta matso ta kama kumatun yarinyar da yatsu biyu.

"To ku duba ta. Ku bar takarda, ku duba yarinyar. Wannan ce mai yunwa? Dubi kumatu. Dubi ƙafa luƙui-luƙui. Da kika tafi kamar sillen kara take, safa ma zamewa take yi. Yanzu takalmin da kika aiko ba ya shigarta."

Griselda ta zauna a benci, ta kwantar da Yerutí a cinyarta, ta cire mata safa.

"Ña Delfina, kawo babban yatsanki."

"Na me?"

"Kawo. Gara ki gani da hannunki."

Ta ɗora yatsan tsohuwar a bayan ƙafar yarinyar, ta danna a hankali.

"Riƙe. Ɗaya. Biyu. Uku. Ɗaga."

Delfina ta ɗaga.

Ramin yatsanta na nan a ƙafar, kamar an danna ƙullin chipa. Ta jira ya ciko. Bai ciko ba.

Griselda ta yi haka a ɗaya ƙafar. Rami ya sake zama.

"Wannan ba ƙiba ba ce," ta ce a hankali. "Kumburi ne. Ruwa ne. Cikinta na cika, jikinta bai samu abin da zai ginu da shi ba. Ruwan wake da sukari take sha, an kuma sirka. Dubi gashinta yadda ya yi ja ya yi laushi. Shirun nan ma ba hankali ba ne, ƙarfi ne babu."

Delfina ba ta ji ƙarshen maganar ba. Idonta na kan ramin. Kullum da safe sai ta sumbaci ƙafafun nan, ta ɗaga su ta nuna wa hoton mijinta a bango, ta ce Anselmo, ka ga aikin saniyarka.

Ta nemi benci da hannu ta zauna.

"Za ta mutu?"

"In Allah ya yarda ba za ta mutu ba, idan muka tafi yanzu. Amma nan ba mu da abin da take buƙata, sai babban asibiti a Santaní. Za su riƙe ta sati biyu ko uku. Na kira mota tun da safe."

Liduvina ta ɗauki 'yarta. Sai yanzu hawaye ya zubo mata, ba sauti, ba ta kuma share ba.

"Duk Lahadi ina kiran ki," ta ce. "Ki ɗaga min ita a waya, in ce Inna ta yi ƙiba, ki ce ai hannuna ne. In kashe wayar in shiga banɗakin mutane in yi kukan daɗi."

"Na ɗauka ƙiba ce."

"Na sani."

"Wallahi, Lidu, na ɗauka ƙiba ce."

"Na ce na sani, Inna. Gwangwanin da ke ƙarƙashin gado fa? Shi ma ɗauka kika yi?"

Delfina ta sunkuyar da kai.

Motar asibiti ta shigo tana tayar da jar ƙasa, ta tsaya a gaban coci. Nan da nan ƙofofi suka fara buɗewa. Matan da wata biyu ba su taka wajen rumfar ba suka fito bakin shinge, wasu da goyo, wasu da wuƙar fere rogo a hannu. Delfina ta san abin da za a ce kafin rana ta faɗi. Za a ce ga shi nan, madarar ta kama jikarta. Ba wadda za ta tsaya ta tambayi watan yarinyar nawa.

Abin mamaki, ba ta ji zafin wannan ba. Ta kwance rigar aiki ta yar a kan injin, ta shiga tattara kaya. Fida ta jefar. Ta ɗauki bargo, da ƙyallayen ɗauri, da 'yar tsanar tsumman da Yerutí ba ta barci sai da ita.

Griselda ta ciro takarda ta ɗora a kan cinyarta.

"Liduvina, yaushe za ki koma?"

"Jibi. Kwana uku matar da nake wa aiki ta ba ni. Idan na wuce, ta ce akwai mai jiran aikin."

"Za ki tafi da ita idan an sallame ta?"

"Ɗakina bayan kicin yake, ko taga babu. Ba a yarda da yaro ba."

"To dole in rubuta sunan wanda zai zauna da ita a asibiti, kuma wanda za a sallame ta a hannunsa."

"Delfina Cabañas," in ji tsohuwar, tana naɗe bargo. "Rubuta. Abin da likita ya ce a ba ta, shi zan ba ta. Ko ruwa ba zan ɗiga mata ba sai na tambaya. Injin nan su sayar, su sayar da rumfar ma."

Griselda ba ta rubuta ba. Liduvina take kallo.

"Ba ke ba ce, Inna."

Hannun Delfina ya tsaya a kan bargon.

"Ban ji ba."

"Kin ji. Na riga na yi magana da wadda za ta karɓe ta."

"Wa kike da shi a duniya ban da ni?"

"Ña Otilia."

Delfina ta ɗago a hankali.

"Uwar Fermín? Wanda ya ce cikin ba nasa ba ne?"

"Ita."

"Matar da ta saki miki karnuka kina da cikin wata bakwai?"

"Na tura mata hoto. Ta ce goshin ɗanta ne, ba ta da ja. Tana da shanu, tana da 'ya'ya mata biyu a gida, asibiti na bayan layinsu."

"A Concepción."

"A Concepción."

"Tafiyar yini ce, Lidu. Yarinyar nan ba ta san warin kowa ba sai nawa. Ba ta barci sai an shafa mata kunne. Wa zai faɗa musu?"

"Ki faɗa min, in faɗa musu."

"Ni kuma fa? In koma gidan nan in yi magana da wa?"

Liduvina ta ciji leɓe. Ta karɓi bargon daga hannun uwarta, ta karɓi 'yar tsanar, ta nufi mota. Delfina ta bi ta. Direba ya buɗe ƙofar baya, Griselda ta shiga, Liduvina ta shiga. Tsohuwar ta ɗora ƙafa a kan matakin.

"Wuri ya cika, Inna."

Akwai wuri. Kowa na ganin akwai wuri.

A nan Yerutí ta miƙo hannu ta kan kafaɗar uwarta, ta kama yatsan kakarta, ta riƙe da ɗan ƙarfin da ya rage mata.

"Kin gani," in ji Delfina. "Kin gani da idonki."

Liduvina ba ta dube ta ba. Ta sa hannu ta fara ɓamɓare yatsun 'yarta, ɗaya bayan ɗaya.

"Ña Otilia na jiran mu a ƙofar asibitin Santaní," ta ce wa direba. "Ja mu je."